Gangar Mutanen Sami Da Shari'ar Da Ta Ɗauki Shekara 330

A can ƙarshen arewacin Turai, inda rana takan ɓace kusan wata biyu cur a tsakiyar hunturu, akwai wata al'umma da ake kira Sami. Ƙasarsu ta gado ta ratsa ƙasashe huɗu na yau, watau Norwe da Suwidin da Finlan da wani yanki na Rasha, kuma bisa ƙiyasi yawansu duka bai wuce dubu 100 ba. Tun zamanin kakanni sana'arsu ita ce kamun kifi da farauta da kiwon barewar ƙanƙara, wata dabba mai ƙaho mai rassa wadda ke tonon abincinta a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. A watan Janairu na 2022 waɗannan mutane suka yi farin ciki ƙwarai, domin bayan sun kai kukansu ga Sarauniyar Danmak ta lokacin, Margrethe ta Biyu, an amince a mayar musu da mallakar wata 'yar ganga da aka ƙwace daga hannun wani tsohonsu tun 1691.

Mai karatu zai iya yin mamaki, ya ce me ke cikin ganga har da sai an kai magana gaban sarauniya? Amsar tana cikin yadda ake yin gangar, da abin da aka zana a fatarta, da kuma abin da ya sami masu ita.

Itace da fata da jan ruwa

Kafin addinin Kirista ya kafu a cikinsu, mutanen Sami suna da wani mutum da suke kira noaidi. Shi ne mai maganin marasa lafiya, shi ne mai duba, shi ne kuma mai faɗa wa jama'a irin hadayar da za su yi. A Hausa kalmar da ta fi kusa da shi ita ce boka, ko da yake matsayinsa a cikin jama'arsa ya ɗara na boka. Turawa masu nazari suna kiran irinsa shaman, kalmar da suka aro daga harshen mutanen Evenki na Saberiya, domin tun daga gaɓar tekun Norwe har zuwa gabashin Rasha ana samun irin waɗannan mutane, kuma akasarinsu da ganga suke aiki.

Gangar Sami fuska ɗaya gare ta kamar bandiri, siffarta kuwa irin ta ƙwai, tsawonta kamar kamu ɗaya, wasu sun ɗara haka wasu sun gaza. Iri biyu ce. Mutanen kudu sukan samo fallen katako su lanƙwasa shi kamar bakin rariya, su gitta masa mariƙi ta baya, suna kiran wannan gievrie. Mutanen arewa kuwa sukan shiga daji neman ƙullutun nan da kan fito a jikin itace, su sare shi, su rarake cikinsa kamar akushi, sa'an nan su huda ramuka biyu dogaye a gindinsa, tsakaninsu ya zama wurin riƙo. Wannan ita ce goavddis. Rubuce-rubucen dā sun nuna ba kowane itace ake sara ba, sai wanda murɗin jikinsa ya bi hanyar da rana ke bi.

In an gama sassaƙa sai a kawo fatar barewar ƙanƙara, a kankare gashin, a ɗame ta a bakin itacen, a ɗinke da jijiyar dabbar. Daga nan sai zane. Mai gangar yakan tauna ɓawon wani itace da suke kira leaibi har ya fitar da ruwa ja wur kamar jini, da shi yake zana siffofi a kan fatar. Wannan itace mai alfarma ne a wurinsu, har abin bautarsu na farauta da sunansa ake kiransa. Makaɗin gangar da ƙahon barewa ake yinsa, mai kai biyu kamar guduma. A bayan gangar kuma akan rataya zobban tagulla da haƙoran namun daji da faratansu, wasu ma sukan kafa 'yar ƙusa a jikin itacen duk sa'ad da suka kashe babban naman dawa.

Zanen da ke kan fatar shi ne zuciyar al'amarin. A gangunan kudu rana ce a tsakiya, wadda suke kira Beaivi, an zana ta da kusurwa huɗu, layuka huɗu sun fita daga jikinta, sauran siffofi kuma sun kewaye bakin gangar. A na arewa akan ja layuka a raba fatar hawa-hawa, sama ta ababen bauta, tsakiya ta 'yan Adam, ƙasa ta matattu. Akwai Horagalles mai tsawa riƙe da gudumarsa, akwai Bieggolmmai mai iska, akwai Sarahkka wadda mata ke kira lokacin naƙuda. Ban da waɗannan, mai gangar yakan zana abin da ya shafi rayuwarsa shi kansa: bukkarsa, rumbun da yake ajiye nama, garkensa, kwalekwalensa, tafkin da yake kamun kifi, kyarkecin da ke yi masa ɓarna. Saboda haka ba a taɓa samun ganga biyu masu zane iri ɗaya sak ba. Kowace ganga taswirar duniyar mai ita ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin ganga

Aiki biyu ake yi da ita. Na farko duba ne, kuma a wasu yankunan magidanta da yawa suna da tasu gangar domin wannan. Mutum yakan gasa fatar a gefen wuta har ta ɗame, ya durƙusa, ya ɗora zoben tagulla ko guntun ƙashi a kanta, ya riƙa bugawa a hankali. Girgizar fatar takan sa zoben ya yi ta tafiya daga wannan siffa zuwa waccan. In ya bi hanyar rana, a wurinsu alheri ke nan, in ya juya baya kuwa sai a yi hattara. Inda ya tsaya shi ne amsar tambayar: ina za a nufa da garke, gobe ranar farauta ce ko ta zama gida, wane abin bauta ne ke neman hadaya.

Aiki na biyu na noaidi ne shi kaɗai. A imaninsu, ciwo mai tsanani yana nufin an tafi da kurwar mutum ƙasar matattu. To, sai noaidi ya yi ta kaɗa ganga yana rera irin waƙarsu ta gargajiya da ake kira yoik, jama'a suna amsawa, har ya fita hayyacinsa ya faɗi kamar matacce. Sun yi imani a wannan lokaci kurwarsa ta tafi neman ta majinyacin, tare da mataimakansa na ɓoye masu siffar tsuntsu ko kifi ko bijimin barewa. Waɗanda ke wurin ba sa daina waƙar, don kada ya ɓace hanyar dawowa. In ya farfaɗo sai ya faɗi abin da ya gano da abin da za a biya.

Abu mai irin wannan daraja ba a ajiye shi ko'ina. Wurinta shi ne ƙuryar bukka, bayan murhu, kuma ta ƙofar baya ake shiga da ita ake fita da ita. In za a yi ƙaura ita ce a ƙarshen ayari, kuma bisa abin da aka rubuta, mace baliga ba ta taɓa ta.

Ranar da aka kai ganga gaban alƙali

A ƙarni na 17 Norwe tana ƙarƙashin Sarkin Danmak, Finlan kuma tana ƙarƙashin Sarkin Suwidin. Sarakunan biyu suna jayayya a kan iyakar arewa da harajin mutanenta, kowannensu kuma yana son ya tabbatar da cewa talakawansa na can suna bin majami'arsa. A idon hukuma da limaman majami'a, kaɗa ganga maita ce da bautar Shaiɗan, hukuncinta kuwa yana iya kaiwa ga kisa.

A ƙarshen 1691 aka kama wani tsoho mai suna Anders Poulsen a yankin Varanger, aka kai shi garin Vadsø tare da gangarsa. Ran 9 ga watan Fabrairu na 1692 aka gurfanar da shi. Ya shaida wa kotu cewa shekarunsa sun kusa 100, kuma a wurin mahaifiyarsa ya koyi aikin ganga. Aka ce ya gwada yadda yake yi. Tsohon ya ɗauki gangar, ya yi alamar gicciye a kansa da kanta, ya yi addu'a irin ta Kirista, ya soma kaɗawa yana hawaye. Sa'an nan ya bi siffofin da ke hawa biyar na fatar ɗaya bayan ɗaya yana bayani, magatakarda yana rubutawa. Ya nuna mai tsawa da rana da wata da barewar daji, ya kuma nuna waɗanda ya ce Almasihu ne da Maryamu da majami'a da wutar lahira. Ya ce bai taɓa cutar da kowa da gangarsa ba, taimakon masu wahala yake yi da ita.

Kotu ba ta yanke hukunci nan take ba, ta ce sai an ji daga birnin Kofanhegan. Amma kwana biyu bayan haka, ran 11 ga wata, wani bara ya sare tsohon da gatari yana tsare, daga baya aka ce mai kisan ba shi da cikakken hankali. Gangar kuwa aka aika da ita taskar Sarkin Danmak.

Shekara guda bayan wannan, a 1693, a garin Arjeplog na ƙasar Suwidin, aka ƙone wani mutum mai suna Lars Nilsson tare da gangarsa da gumakansa na itace. Laifinsa shi ne jikansa ya faɗa ruwa ya mutu, shi kuwa ya ɗauko ganga yana neman ya dawo da ran yaron.

Daga 1716 sai aikin ya koma hannun 'yan mishan. Shugabansu a Norwe, Thomas von Westen, ya yi tafiya uku cikin ƙasar Sami, yana zama da mutane yana yi musu tambayoyi har su furta abin da suke bautawa su miƙa gangunansu. Ya tara masu yawa ya aika Kofanhegan. A watan Oktoba na 1728 gobara ta ci wani babban sashe na birnin, gangunan nan wajen 70 suka ƙone ƙurmus a gidan da aka ajiye su. A ɓangaren Suwidin ma, a 1725, an karɓe fiye da 20 a garin Åsele kaɗai. Waɗanda suka ƙi miƙa nasu sai suka kai su cikin duwatsu suka ɓoye, can suka ruɓe.

Abin da ya tsira da abin da ya salwanta

Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da ake ƙona ganguna a arewa, manyan Turai suna rububin mallakarsu. A 1673 wani shehun malami na jami'ar Uppsala, Johannes Schefferus, ya wallafa littafi da Latin mai suna Lapponia, da zanen ganguna a ciki, aka fassara shi zuwa Ingilishi da wasu harsuna. Daga nan gangar Sami ta zama abin da sarakuna ke yi wa juna kyauta da shi, ana ajiye ta a ɗakin abubuwan al'ajabi kusa da hauren giwa da ƙwan jimina. Ta haka ne tsofaffin ganguna 70 da 'yan kai suka kawo yau. Mafi yawansu suna Suwidin, sauran sun watsu a Jamus da Ingila da Italiya da Faransa da wasu ƙasashe. Wani masani ɗan Suwidin, Ernst Manker, ya bi su ɗaya ɗaya ya zana siffofinsu, ya fitar da aikinsa cikin juzu'i biyu a 1938 da 1950.

To, amma fa itace da fata ne suka tsira. Karatun da ke kansu ya tafi tare da masu shi. Tun da yake kowane mutum shi ke zana tasa, shi kaɗai ne zai iya cewa wannan layin kogin kaza ne, wancan mutum-mutumin kakansa ne ko abin bautarsa ne. Waɗanda suka karɓe gangunan akasari ba su rubuta ko sunan mai ita ba, balle ƙauyensa. 'Yan kaɗan ne ƙwarai suka zo da bayanin masu su, kuma a cikinsu babu wadda bayaninta ya kai na Anders Poulsen tsawo. Shi ma ɗin a gaban masu neman ransa ya yi shi. Shi ya sa har yau masana suka rabu biyu: wasu suna ganin tsohon ya haɗa addinin kakanninsa da na Kirista ne da zuciya ɗaya, wasu kuwa suna ganin ya sa wa siffofin sunayen Kirista ne don ya tsira da ransa. Kusan duk abin da duniya ta sani game da wannan ibada, daga alƙalamin waɗanda suka zo kashe ta ya fito, kuma dole mai nazari ya riƙa tuna haka duk sa'ad da ya buɗe littattafansu.

Kayan aro ba ya rufe katara

Bayan ganga, sai hukuma ta juya kan harshe. Daga tsakiyar ƙarni na 19 Gwamnatin Norwe ta shafe fiye da shekara 100 tana ƙoƙarin narkar da mutanen Sami cikin sauran jama'a, ana kai 'ya'yansu makarantun kwana inda ake hana su magana da harshen iyayensu. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 kiɗa ya sake, rawa ma ta sake. A 1986 suka yi tutarsu, mai da'ira a jikinta, rabi ja na rana rabi shuɗi na wata. A 1989 aka buɗe Majalisar Sami ta Norwe a garin Karasjok. A 1997 Sarki Harald na Biyar ya nemi gafararsu a kan zaluncin da aka yi musu, Majami'ar Suwidin ma ta yi haka a birnin Uppsala a watan Nuwamba na 2021.

Gangar Anders Poulsen ta riga ta koma arewa tun 1979, tana gidan ajiye kayan tarihi na Sami da ke Karasjok. Sai dai a matsayin aro ta je. A takarda ta Danmak ce, kuma duk bayan 'yan shekaru sai jikokin masu ita sun nemi a sabunta musu izinin riƙe ta. Da wa'adin aron ya zo ƙarewa a ƙarshen 2021, Shugabar Majalisar Sami ta lokacin, Aili Keskitalo, ta rubuta wa Sarauniya takarda tana neman a bar musu ita har abada. Gangar dai daga tsohuwar taskar sarakuna ta fito. A 2023 kuma wata gangar ta mutanen kudu, wadda aka karɓe a 1723 ta ƙare a birnin Meiningen na Jamus, ta koma gidan tarihin Sami da ke garin Snåsa bayan shekara 300 daidai.

Nijeriya ma ta san ɗacin irin wannan jira. Kayan tagullar da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897 sun bi irin wannan hanya zuwa ɗakunan ajiya na Turai, kuma sai a watan Yuli na 2022 Jamus ta sa hannu a kan mayar da mallakar fiye da 1,100 daga cikinsu. A wuraren biyu hujjar masu riƙon kayan ɗaya ce, wai da ba su adana ba da tuni sun lalace. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma gobarar 1728 ta nuna ajiyar tasu ma ba ta da tabbas, kuma wanda ya ƙwace abu da ƙarfi ba ya zama mai shi don ya iya ajiya.

Masu sassaƙa na yau

A yau an sake samun masu yin ganga a cikin mutanen Sami. Suna shiga daji neman ƙullutun itace, suna gyara fata da hannunsu, suna duba zanen Manker da tsofaffin gangunan don su gane yadda kakanninsu suka yi ɗinki da ɗauri. Mawaƙansu suna hawa dandamali da ita. Amma ba dukansu ne suka yi na'am ba. Da yawa daga cikinsu Kiristoci ne masu tsananin riƙo, mabiya tafarkin Lars Levi Laestadius, wani mai wa'azi na ƙarni na 19, kuma a wurin wasunsu ganga da yoik abubuwa ne na zunubi da aka tuba aka bari. Wannan muhawara ce ta cikin gida, su ne kuma za su warware ta a tsakaninsu.

Wata damuwar daga kasuwa take zuwa. Shagunan 'yan yawon buɗe ido sun cika da ganguna masu kwaikwayon zanen Sami, waɗanda ba hannun Sami ne ya yi su ba, ana kwafar siffofin ana bugawa a riguna da kofunan shayi. Tun 1982 masu sana'ar hannu na Sami suka yi hatiminsu mai suna Sámi Duodji don mai saye ya bambanta na gaske da na jabu. Wanda ya kwafi zanen tsohuwar ganga ya manna a sabuwa, ya kwafi bukkar wani ne da garken wani da matattun wani, alhali bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mayar da ganga ba zai tashi Anders Poulsen ya ƙarasa bayaninsa cikin kwanciyar hankali ba, ba kuma zai dawo da waɗanda suka ƙone a Kofanhegan ba. Abin da ya dawo shi ne ikon yanke shawara. Yanzu mutanen Sami ne za su ce ga yadda za a nuna gangar, ga wanda zai taɓa ta, ga harshen da za a rubuta bayaninta da shi, ko ma a ɗauke ta daga idon jama'a a bar ta ta huta, tun da wasunsu suna ɗaukar ta tamkar mai rai. Sauran gangunan da ke ɗakunan ajiya na Jamus da Ingila da Italiya da Faransa kuwa, gidajen tarihin Sami suna bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya, suna binciken yankin da aka ɗauko kowace, domin sai an san gidan ganga kafin a nemi a mayar da ita.